Ba Kowane Sanyi Ne Sanyi Ba: Jagorar Gwajin Hafis da Sauran Cututtukan Saduwa

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, kalmar "sanyi" ta zama buhun da ake zuba duk wata larurar da ta shafi gaba a cikinsa. Wanda fitsari ke yi wa zafi yana cewa sanyi ne, matar da ke fama da ƙaiƙayi da farin ruwa tana cewa sanyi ne, wanda ƙuraje suka feso masa a mazakuta shi ma sanyin yake kira. Daga nan sai a nufi kemis a sayi kafso na kwana biyu, ko kuma a jira ranar kasuwa a karɓo jiƙo a gora wurin mai lasifika. Alhali kuwa abin da muke haɗawa a suna ɗaya cututtuka ne daban-daban, kowace da ƙwayar da ke kawo ta, da irin gwajin da ke gano ta, da ranar da gwajin zai iya ganinta. Saboda haka maganar "an ɗebi jinina an ce ba ni da komai" ba ta da nauyi, sai idan mai faɗinta ya san me aka nema a cikin jinin da kuma yaushe aka nema.

Mataki na farko: sanin abin da ake nema

Huɗu daga cikin waɗannan cututtuka suna warkewa sarai idan aka yi musu maganin da ya dace: ciwon sanyi na ainihi wanda likitoci ke kira gonoriya, da kalamidiya, da tunjere, da tirikomonas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sababbin kamuwa miliyan 374 da waɗannan huɗun. Sauran kuwa ƙwayoyin bairos ne da ake rage musu ƙarfi da magani ko a tare su da rigakafi, wato HIV, da ciwon hanta nau'in B, da HPV mai haddasa tsiron fata a gaba da sankarar bakin mahaifa, sai kuma hafis.

Hafis ce mutanenmu suka fi jahilta, ga shi kuma ba ta da wani suna na Hausa da kowa ya yarda da shi. A takardar asibiti ana rubuta ta HSV, kuma nau'i biyu ce. Nau'i na ɗaya shi ne yake kawo ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, yawancin mutane tun suna yara suke ɗaukarsa, amma yana iya komawa gaba idan baki ya taɓa wurin. Nau'i na biyu a gaba da dubura ya fi zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da nau'i na ɗaya, sannan kimanin miliyan 520 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da na biyu, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Idan ta bayyana, takan fara da ƙaiƙayi ko raɗaɗi, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri guda, su fashe su zama gyambo mai zafi, wani lokaci tare da zazzaɓi da kaluluwa a matsematsi. Tashin farko yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, bayansa ƙwayar ta koma ta kwanta a jijiya, ta riƙa tasowa jefi-jefi idan jiki ya gaji ko an yi zazzaɓi ko lokacin haila.

Akwai kuma larurorin da ke kama da waɗannan amma ba ta saduwa ake ɗaukarsu ba. Farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi ga mata sau da yawa ƙwayar funfuna ce da ke yawaita da kanta, musamman lokacin ciki ko ga mai ciwon suga. Jini a ƙarshen fitsari kuwa, ga mutanen da ke shiga ruwan noman rani a yankin Kura da Kadawa ko fadamun Haɗeja, an fi zargin tsargiya, wadda ga mata har gyambo takan kawo a bakin mahaifa. Gidaje da dama sun rikice a kan zargin da gwajin fitsari guda ɗaya zai iya kashewa.

Mataki na biyu: wa ya kamata ya je

Duk mai alama ya je, wannan ba ya buƙatar dogon bayani: mugunya daga mazakuta, zafin fitsari, gyambo ko ƙuraje a gaba ko da ba sa ciwo, ruwa mai wari, ciwon mara, jini bayan saduwa, ko kumburin maraina. Waɗanda aka fi mantawa da su su ne marasa alama. Kalamidiya da gonoriya sukan zauna a jikin mace shiru har su toshe hanyar ƙwai, sai bayan shekaru a zo ana neman dalilin rashin haihuwa ana ɗora wa iska ko sammu. Don haka mai shirin aure ko ƙarin aure, da bazawarar da za ta koma ɗaki, da mai juna biyu, da wanda aka gano cutar a jikin abokin zamansa, da ɗan ci-ranin da ya san abin da ya wakana tsakaninsa da wata a Legas ko Fatakwal, duk ya kamata su je ko da lafiyarsu ƙalau suke ji.

A Jihar Kano, dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a watan Mayun 2024 ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta nau'in B da C da kuma na sikila kafin ɗaurin aure. Doka ce mai amfani, sai dai waɗannan gwaje-gwaje ba sa ganin hafis ko gonoriya ko kalamidiya, saboda haka riƙe takardar gwajin aure ba ya nufin an duba komai da komai.

Mataki na uku: lissafin kwanaki

A ganina nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne kuɗi suka fi zubewa a banza. Ga hafis, idan akwai ƙuraje, gaggawa ake so. Gwajin da ya fi inganci shi ne a goga tsinken auduga a gindin ƙurjin a ɗebo ruwansa, kuma an fi samun ƙwayar a cikin sa'o'i 48 na farko, tun kafin gyambon ya bushe ya yi ɓawo. Mutumin da ya tsaya kunya har wurin ya warke, sannan ya ɗauki hanya zuwa asibiti, ya je ne da labari kawai, domin babu abin da likita zai gani kuma babu abin da zai ɗiba. Idan tafiyar ba za ta yiwu a ranar ba, ɗaukar hoton wurin da waya yana taimaka wa likita, amma a goge hoton bayan an nuna masa, tunda wayoyinmu kan shiga hannun yara da abokai.

Gwaje-gwajen jini kuwa haƙuri suke so, saboda yawancinsu ba ƙwayar cutar suke nema ba, sinadarin da garkuwar jiki ke samarwa don yaƙarta suke nema, shi kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya taru. Gwajin HIV na nan-take da ake huda yatsa yana iya kasa ganin cutar har zuwa kwana 90 bayan kamuwa, shi ya sa ake cewa a maimaita bayan wata 3. Tunjere yakan bayyana a jini bayan mako 3 zuwa 6, a sake tabbatarwa a wata na uku. Ciwon hanta nau'in B yawanci a cikin wata 1 zuwa 3 ake ganinsa. Gwajin jini na hafis shi ya fi jinkiri, yakan kai mako 12, wani lokaci har 16. Gonoriya da kalamidiya, idan babu alama, a jira mako 2 daga ranar da ake zargi. Abin sha'awa ne cewa iddar saki, wadda kusan wata uku ce, ta yi daidai da tazarar wata 3 da yawancin gwaje-gwajen jinin nan suke buƙata, don haka gwajin da bazawara za ta yi bayan kammala idda gwaji ne da za a iya dogara da shi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran ko kwana ɗaya. Wanda ya sadu da mai HIV ba tare da kariya ba, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya da ake fara sha a cikin sa'o'i 72, a ci gaba har kwana 28. Bayan sa'o'i 72 ba ya aiki, saboda haka kada iyaye su ɓata kwanakin nan a zaman sulhu a gidan mai unguwa, a fara kai yarinya asibiti tukuna.

Mataki na huɗu: shiri kafin a bar gida

Kada a sha kafso ko a yi allurar kashe ƙwayar cuta kafin gwaji, domin magani kaɗan yana isa ya ɓoye gonoriya daga idon mai gwaji ba tare da ya kashe ta ba. Wanda ya riga ya sha, ya tafi da kwalin ko ragowar ƙwayoyin ya nuna. Namiji ya riƙe fitsarinsa aƙalla awa ɗaya zuwa biyu, tunda fitsarin farko da ya fito shi ne ke ɗauke da ƙwayar. Mace kada ta wanke ciki da sabulu ko ruwan bagaruwa, kada ta yi matsi, kada ta shafa wani mai a kan ƙurajen, tsarki da ruwa daga waje ya isa. Idan tana haila ta faɗa wa nas, amma haila ba ta hana gwajin jini, ba ta kuma hana duba gyambo. Babu buƙatar zuwa da yunwa. A tafi da sassafe, saboda ɗakunan gwaji na manyan asibitoci da safe suka fi karɓar abin da za a auna, kuma a dakatar da saduwa har sai an ga sakamako.

Mataki na biyar: inda za a nufa

Asibitin sha-ka-tafi na gunduma yana iya yin gwajin HIV na nan-take, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma da yawa suna da na tunjere da na ciwon hanta. Abin da ya shafi duba mugunya a madubin likita ko shuka ƙwayar cuta a ga irin maganin da ke kashe ta, sai babban asibiti irin na Wudil, Bichi, Gwarzo, Rano, Haɗeja, Gumel, Kazaure ko Ringim. Daga can ake tura abin da ya gagara zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Murtala, ko Asibitin Zana, ko Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, ko asibitin tarayya na Birnin Kudu.

Gwajin ruwan ƙurjin hafis da ake ɗiba da tsinken auduga, wanda ake kira PCR, aikin manyan ɗakunan gwaji ne na birni, yana da tsada, kuma ya kamata a tambaya ta waya ko ana yinsa kafin a kashe kuɗin mota. A karkara yawanci ƙwararren likita da ido yake gane hafis ya fara magani, kuma ba laifi ba ne hakan matuƙar an haɗa da gwajin tunjere da na HIV, domin gyambon tunjere kan yi kama da nata, sannan mai hafis nau'i na biyu haɗarin kamuwarsa da HIV ya ninka kusan sau uku. Wanda ke tsoron kada ma'aikacin garinsu ya san sirrinsa, babu abin da ya hana shi yankar kati a asibitin wata ƙaramar hukumar. Mace kuma tana da haƙƙin neman mace ta duba ta.

Mataki na shida: a gaban malamin asibiti

Kunya ado ce a wurinmu, amma a ɗakin likita tana jawo a rubuta gwajin da ba shi ake bukata ba. Wanda ya ce "jikina ne ba daɗi" gwajin maleriya da taifod za a yi masa ya dawo gida. Abin da ake so shi ne magana a fili: "Likita, kwana biyu ke nan wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mini a gaba, suna zafi, kuma bara ma sun taɓa fitowa a wuri ɗaya." Ko kuma: "Malama, maigidana ne aka ba maganin sanyi, aka ce ni ma in zo a duba ni." Za a tambayi ranar saduwa ta ƙarshe, da yawan abokan zama, da ko akwai ciki, da ko an taɓa shan magani jiki ya ƙi shi, musamman fenisilin. Ba bincike ake yi don a hukunta kowa ba, amsar ce ke nuna inda za a ɗebi abin gwaji.

Kafin a fita, a roƙi likita ya karanto sunayen gwaje-gwajen da ya rubuta ɗaya bayan ɗaya, kuma a tambaye shi kai tsaye ko hafis na ciki, domin ba a saka ta cikin jerin da aka saba yi. Ɗibar kanta ba ta da wahala: jini daga yatsa ko dantse, fitsari a 'yar kwalba, tsinken auduga a bakin mazakuta ko cikin farji ko bakin mahaifa. Gogar gyambon hafis tana da zafi na ɗan lokaci kaɗan. Gwajin nan-take yana fita cikin minti 20 ko ƙasa da haka, na shuka kuwa sai bayan kwana 2 zuwa 3.

Mataki na bakwai: karanta sakamako

Kada a bar mai kemis ko wani ɗan boko na unguwa ya fassara takardar, a mayar wa wanda ya rubuta gwajin. Duk da haka akwai abubuwan da ya kamata kowa ya sani.

Idan ruwan ƙurji ya nuna hafis, magana ta ƙare, ita ce. Idan bai nuna ba, yana iya yiwuwa an makara ne wajen ɗiba, sai a sake idan ƙurajen suka dawo. Gwajin jini na hafis iri biyu ne, IgG da IgM. Na IgM ba abin dogaro ba ne, ba ya bambanta nau'i na ɗaya da na biyu, kuma ba ya nuna ko kamuwar sabuwa ce, ni dai ba na ganin dalilin biyan kuɗinsa. Na IgG wanda ke rarrabe nau'o'in shi ne mai amfani, amma shi ma da sharaɗi. Idan ya nuna nau'i na ɗaya, bai faɗi ko a baki ƙwayar take ko a gaba ba, kuma tunda yawancin manya suna da ita tun yarinta, ba abin tayar da hankali ba ne. Idan ya nuna nau'i na biyu da lamba ƙarama, tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa kuskure ne, sai an tabbatar da wani gwajin. Wannan ne ya sa likitoci ba sa ba wanda ba shi da alama shawarar yin gwajin jinin hafis haka kawai.

Babu gwajin da ke faɗin ranar da aka ɗauki hafis ko wanda aka ɗauka a wurinsa. Tana iya kwanciya shekaru kafin ta taso, kuma mai ita yana iya sa wa wani ko da babu ƙurji a jikinsa. Bayyanarta a cikin aure ba hujja ba ce ta cin amana, musamman a inda miji ko mata suka taɓa wani auren a baya.

Game da tunjere, gwajin nan-take yakan ci gaba da nunawa har ƙarshen rayuwa ko bayan an warke, don haka wasu gwaje-gwajen jini da ake kira VDRL ko RPR ne ke nuna ko cutar tana da rai, kuma da su ake bibiyar magani. HIV ba a yanke hukuncinta da gwaji ɗaya, sai an tabbatar da wani na daban. Sai kuma wata kalma da ta cinye kuɗin mutane da yawa, wato "staf". Wannan ƙwaya ce da ke zaune a fatar masu lafiya, kuma takan shiga abin gwaji daga fatar, ganinta a takarda ba ya nufin cutar saduwa, duk da yadda masu tallar magani suka mayar da ita jari. Haka nan ba a ɗaukar gonoriya ko tunjere ko hafis daga masai.

Mataki na takwas: magani da iyali

Gonoriya allura ake yi mata, yawanci a haɗa da ƙwayoyin kalamidiya na kwana 7, tunda sukan zo tare kuma gwajin kalamidiya yana da wuyar samu a karkara. Tunjere sabo allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya ce, wanda ya daɗe kuwa allura uku, mako-mako. Hafis ba ta fita daga jiki, amma maganin da ake rubuta sunansa Acyclovir a kwali yana gajarta tashinta ya rage zafi, ana shansa kwana 7 zuwa 10 a karon farko, kuma wanda take yawan taso masa ana iya ɗora shi a kan na kullum. Duk mai cewa yana da jiƙon da ke tumɓuke ta, lafawar da take yi da kanta yake sayar wa mutane.

Ga cututtuka huɗun nan masu warkewa, maganin mutum ɗaya a gidan aure kamar ɗiban ruwa da kwando ne. Idan maigida yana da mata uku, su huɗun za a yi wa magani a lokaci guda, a ɗaga rabon kwana har kwana 7 bayan kowa ya gama, in ba haka ba cutar za ta yi ta zagaya ɗakuna tana dawowa. Wanda bakinsa ya yi nauyi yana iya roƙon ma'aikacin lafiya ya yi bayanin, kuma abin da ya fi kawo zaman lafiya shi ne a faɗa wa kowace mace ita kaɗai, ba tare da an nuna wata kishiya da yatsa ba. Bayan wata 3 a koma a sake gwaji. Mai hafis ya guji saduwa daga lokacin da ya fara jin raɗaɗi har gyambon ya warke gaba ɗaya, kwaroron roba kuma yana rage haɗari ko da yake ba ya rufe duk fatar da ƙwayar ke fita ta ciki. Idan an samu ciwon hanta nau'in B, a gwada mutanen gidan, a yi wa waɗanda ba su da shi rigakafi na allura uku, kowa kuma ya riƙe rezarsa ko askarsa idan za a je wurin wanzami.

Mai juna biyu ta nemi gwajin HIV da tunjere da ciwon hanta tun a awon farko, domin tunjere yana kawo ɓari da haihuwar ɗa ba rai, alhali allura tana tare shi. Idan ta taɓa yin ƙurajen hafis, ko mijinta yana yi, ta faɗa wa ungozomar asibiti. Akan ba ta magani daga mako na 36, kuma idan naƙuda ta zo da gyambo a gaba, tiyata ake yi don kada jariri ya ɗauka, shi ya sa irin wannan haihuwar ba ta gida ba ce. Jaririn da idanunsa suka kumbura suna zubar da mugunya a makonnin farko, ko ƙuraje masu ruwa suka fito masa, ko ya daina kama nono jikinsa ya saki, a kai shi babban asibiti a ranar, kada a jira a gama suna ko wankan jego. Haka ma babba da ciwon mara mai tsanani ya haɗe masa da zazzaɓi, ko maraina suka kumbura, ko fitsari ya ƙi fita saboda zafin gyambo, ba ya jiran sakamakon gwaji, asibiti zai koma nan take da katinsa da takardun gwajin da aka riga aka yi masa.